An Ci Moriyar Ganga: Baƙar Fata Da Ƙofar Shiga Ingila

'Yar'uwa mai karatu, a littattafan soyayya da muke karantawa abu ne mai sauƙi a ce saurayi ya tafi Landan karatu, ko Alhaji ya ɗauki amarya sun tafi can cin amarci. A wannan shafi an hau jirgi a Kano, a shafi na gaba an sauka, babu wanda ya tsayar da su balle ya tambaye su abin da ya kawo su. To a zahiri akwai ƙofa a tsakani, ƙofar nan kuwa tarihi gare ta mai tsawo. Shi nake so mu ɗan zauna mu bi yau, don ki ga yadda launin fata ya shiga dokokin shige da fice na ƙasar Birtaniya bayan yaƙin duniya na biyu ba tare da an rubuta shi a takarda ba, ki kuma ga yadda dokokin suka riƙa koya wa mutanen gari wanda za su rena.

Mu a Hausa in aka rubuta "baƙi" sai an duba jimla kafin a gane launi ake nufi ko waɗanda suka zo daga wani gari. To a Ingila ta wancan zamani ma'anonin biyu sun zame abu ɗaya. Baturen Ostareliya da ya sauka jiya ɗan gida ne a idonsu, baƙar fatar da aka haifa a Landan kuwa har ya tsufa ana tambayarsa daga ina ya zo.

Mu fara daga 1945 da aka gama yaƙi. Kin dai ji labarin yaƙin Bama, inda kakanninmu na Arewa da sauran sojojin Afirka ta Yamma suka yi wa Sarkin Ingila yaƙi a dazuzzuka. Haka ma mutanen Indiya da na tsibiran Karibiyan, irin su Jamaika da Barbados, suka ba da jininsu. Da ƙura ta lafa, Ingila ta sami kanta a wahalce: bama-bamai sun rushe gidaje, masana'antu na neman ma'aikata ido rufe. A 1948 majalisarsu ta yi dokar zama ɗan ƙasa wadda ta ce wanda aka haifa a Birtaniya da wanda aka haifa a ƙasashen da take mallaka, kamar Jamaika ko birnin Legas, duk matsayinsu ɗaya. Su da mutanen ƙasashe renon Ingila da suka riga suka sami 'yanci, irin su Indiya da Kanada, kowa na da ikon shiga ya zauna ya yi aiki.

Ranar 22 ga Yuni, 1948, fasinjojin wani jirgin ruwa mai suna Empire Windrush suka sauka a tashar Tilbury kusa da Landan. Mutanen da ke ciki sun haura dubu, kimanin ɗari takwas daga Karibiyan suke, da dama kuma tsofaffin sojojin Ingila ne. Sun caɓa ado, kwat da hula, sun zo ƙasar da aka koya musu tun a firamare cewa ita ce uwarsu. A ranar nan wasu 'yan majalisa goma sha ɗaya suka rubuta wa Firayim Minista Clement Attlee takarda suna kukan cewa zuwan baƙaƙen fata zai ɓata zaman lafiyar ƙasa. Kin ji fa, mutane ko jakunkunansu ba su kwance ba an riga an kira su matsala.

Amma aiki dai ana so su yi. A watan Yuli na wannan shekara aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, wadda ta dogara ƙwarai da 'yan matan Karibiyan da na Afirka da suka zo koyon aikin jinya. A 1956 hukumar sufuri ta Landan da kanta ta je har Barbados tana ɗibar direbobi da kwandastoci. Da rana baƙar mace ce ke wanke wa tsohuwar Baturiya ciwo a asibiti, da yamma in ta fita neman ɗakin haya sai ta tarar an manna takarda a taga cewa ba a ba baƙar fata. Dole suka cunkushe a unguwannin da suka lalace, mutum biyar ko shida a ɗaki guda, ga tsadar haya. Sai kuma maƙwabta suka juya suna cewa ku duba yadda suke zama kamar awaki. Banki bai cika ba su rance ba, don haka suka koma ga abin da ni da ke muka sani, wato adashi. Da kuɗin adashi da yawansu suka sayi gidajensu na farko a Ingila.

A ƙarshen watan Agusta na 1958 samarin Turawa suka yi gungu a garin Nottingham da unguwar Notting Hill ta Landan, suna bin baƙaƙen fata da sanduna da kwalabe har cikin gidajensu, kwana da kwanaki. A watan Mayu na 1959 aka daɓa wa wani kafinta ɗan tsibirin Antigua mai suna Kelso Cochrane wuƙa a titi ya mutu, kuma ba a taɓa hukunta kowa a kan jininsa ba. An dai ɗaure wasu daga cikin samarin da suka ta da rikicin 1958, amma darasin da 'yan siyasa da yawa suka ɗauka shi ne wai baƙaƙen sun yi yawa, a rage su sai a zauna lafiya. Wanda aka doka shi aka ɗora wa laifin zuwa inda ake duka.

Daga nan aka haifi dokar 1962. Ta ce duk ɗan ƙasashe renon Ingila da ke son zuwa aiki sai ya sami takardar izini, aka kuma kasa takardun gida uku: mai aiki a hannu, mai wata ƙwarewa da ake bukata, sai kuma leburan da ba shi da ko ɗaya, wanda aka ƙayyade adadinsa. In kin karanta dokar daga farko har ƙarshe ba za ki ga an ambaci launi ba. To amma Ministan Cikin Gida na lokacin, Rab Butler, ya rubuta wa abokan aikinsa a asirce cewa amfanin wannan tsari shi ne za a iya nuna shi kamar bai ware kowa ba, alhali a aikace kusan baƙaƙen fata kaɗai zai tare. Takardar nan tana ajiye a ma'adanar tarihin ƙasarsu. Mutanen Ailan kuwa, da suka fi kowa kwarara cikin Ingila kuma ƙasarsu ma ta fita daga ƙungiyar renon Ingila tun 1949, an bar musu hanya a buɗe. Shugaban 'yan adawa, Hugh Gaitskell na jam'iyyar Leba, ya miƙe a majalisa ya kira dokar muguwar dokar wariyar launi. Nijeriya ta sami 'yanci a 1960, saboda haka 'yan Nijeriya na cikin waɗanda wannan ƙofa ta fara rufewa a kansu.

Kada ki ɗauka mutanen nan sun naɗe hannu. A 1963 kamfanin bas na garin Biristol ya ƙi ɗaukar baƙi ko Ba'indiye aikin direba ko kwandasta. Wani matashi mai suna Paul Stephenson da abokansa suka kira a ƙaurace wa motocin, aka yi wata huɗu ana ja, har kamfanin ya sauko. Wannan na cikin abin da ya jawo dokar farko ta hana wariya a wuraren jama'a a 1965. Sai dai a shekarar nan ce kuma gwamnatin Leba, jam'iyyar da ta la'anci dokar 1962, ta rage takardun izinin aiki zuwa 8,500 a shekara. Hannu ɗaya na lallashi, ɗayan na tura ƙyaure. Ke kanki ki auna: in gwamnati ta ce wa jama'a ku zauna lafiya da mutanen nan, sannan ta ce amma fa muna iya ƙoƙarinmu kada irinsu su ƙaru, wace magana ce za ta zauna a zuciyar mai sauraro?

Abin da ya faru a 1968 ya fi fitowa fili. Akwai Indiyawa da suka daɗe a Kenya tun zamanin da Turawa suka kawo wasunsu aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Da Kenya ta sami 'yanci a 1963, da yawansu suka riƙe fasfo ɗin Birtaniya. Da gwamnatin Kenya ta fara matsa musu a harkar aiki da kasuwanci, sai suka nufi ƙasar da ta ba su fasfo. Cikin kwana uku kacal majalisa ta zartar da sabuwar doka: fasfo kaɗai bai isa ba, sai in kai ko mahaifinka ko kakanka an haife ku a Birtaniya. To wane ne kakansa aka haifa a Birtaniya? Baturen da ke noma a Kenya mana. Ba'indiyen da ke riƙe da fasfo iri ɗaya sak da nasa ya zama mai ƙasa a takarda, marar wurin zuwa a zahiri. Wasu aka riƙa yawo da su a jirgin sama daga wannan filin zuwa wancan, babu mai karɓarsu. A 1973 hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta Turai ta duba ƙararsu ta ce wariyar launi ce kuma wulaƙanci ne.

Da wannan doka an zaci masu ƙorafi za su yi shiru. Ina! Bayan 'yan makonni, ranar 20 ga Afrilu, 1968, wani babban ɗan jam'iyyar Mazan Jiya mai suna Enoch Powell ya yi jawabi a birnin Birmingham yana hasashen zubar da jini in ba a tsayar da baƙi ba, har yana kiran a ƙarfafa musu gwiwar komawa inda suka fito. Washegari shugaban jam'iyyarsa ya sauke shi daga muƙaminsa, amma 'yan dakon tashar jirgin ruwa ta Landan suka yi jerin gwano suna goyon bayansa, wani binciken jin ra'ayi kuma ya nuna kashi 74 cikin ɗari sun yarda da shi. Haka abin ke zagayawa: doka ta nuna wa jama'a wa ya kamata su ji tsoro, tsoron ya ƙaru, 'yan siyasa su ce ai jama'a ne suka nema, a sake sabuwar doka.

Sabuwar kuwa ta zo a 1971, ta ɗauki maganar asalin iyaye da kakanni ta mai da ita ginshiƙi. Wanda yake da uba ko uwa haihuwar Birtaniya ya shiga ba shamaki, mai kaka ma an sassauta masa, abin da ya amfani jikokin Turawa na Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan. Dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 1973, ranar da Birtaniya ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai. Wato a rana guda Bajamushe da Ba'italiye, da aka gwabza yaƙi da ƙasashensu, suka sami ikon zuwa aiki, ɗan tsohon sojan Jamaika kuwa ya koma layin masu roƙon izini. Kafin nan ma, a 1972 da Idi Amin ya ba Indiyawan Yuganda kwana 90 su fice, an karɓi kimanin 28,000 a Birtaniya, amma hukumar garin Lesta sai da ta sayi fili a wata jaridar Yuganda tana gargaɗinsu kada su zo garinta. Sun zo ɗin, kuma su ne suka buɗe kantuna da masana'antun da garin ke tinƙaho da su daga baya.

Yanzu bari mu zo kan namu na mata, don a nan ne abin ya fi taɓa zuciya. Da aka toshe hanyar maza ma'aikata, sai ido ya koma kan mata da yara masu zuwa wajen mazajensu. A ƙa'idar lokacin, wadda aka yi wa baiko tana iya zuwa ba tare da dogon jiran takarda ba muddin za a ɗaura auren cikin wata uku, matar aure kuwa sai ta yi jira a ƙasarta. Sai jami'ai suka riƙa zargin matan Indiya da Pakistan da Bangaladash da ƙaryar baiko. Ranar 24 ga Janairu, 1979, wata malamar makaranta Ba'indiya 'yar shekara 35 ta sauka a filin jirgin Heathrow don auren wanda ke jiranta. Aka shigar da ita ɗaki, likita namiji ya duba ta don a tabbatar wai budurwa ce. Hujjarsu ita ce macen Asiya da ba ta taɓa aure ba dole a same ta da budurcinta, in ba haka ba maƙaryaciya ce. Jaridar Guardian ta fallasa abin bayan mako guda, aka yi ca, gwamnati ta hana. Da aka buɗe takardun gwamnati, masu bincike suka nuna a 2011 cewa matan da aka yi wa irin wannan cin mutunci sun kai aƙalla 80, yawanci a ofisoshin Birtaniya da ke can ƙasashen. Ki tambayi kanki ko an taɓa kwantar da Baturiyar Kanada a gadon likita don ta zo auren saurayinta.

Daga 1980 kuma aka shigo da wata ƙa'ida da ta ce sai ma'aurata sun gamsar da jami'i cewa babban dalilin aurensu ba neman shiga ƙasa ba ne. Ta yaya mutum zai buɗe zuciyarsa ya nuna? Waɗanda iyaye suka haɗa aurensu su suka fi shan wuya, ana yi musu tambayoyin ƙure, mata a wannan ƙasa miji a waccan shekara da shekaru. Wasu mata uku mazauna Birtaniya da aka hana mazajensu shigowa suka kai ƙara kotun Turai, a 1985 kotu ta ce an nuna wa mata bambanci tunda namiji na kawo matarsa cikin sauƙi. Kin san gyaran da gwamnati ta yi? Ta tsananta wa maza ma, aka yi kunnen doki a wahala. Sai a 1997 aka soke ƙa'idar. A tsakanin nan, a 1986, aka yanke cewa mutanen ƙasashe biyar sai da biza ko da ziyara za su: Indiya, Pakistan, Bangaladash, Gana da Nijeriya. Layin biza da kike jin 'yan'uwa na kuka da shi, daga nan ya samo asali.

Za ki ce ai wannan duk tsohon zance ne. To ga na baya-bayan nan. A 2012 Ministar Cikin Gida Theresa May ta ce burinta ta sa zaman ƙasar ya gagari baƙin haure. Dokokin 2014 da 2016 suka ɗora wa masu gidajen haya da bankuna da masu ɗaukar aiki nauyin duba takardun mutane, da tara mai nauyi ga wanda ya yi sake. Wa kike jin za a fara cewa ya kawo takarda, fari ko baƙi? Tarkon sai ya kama 'ya'yan mutanen Windrush, waɗanda suka shigo suna yara a kan fasfo ɗin iyayensu. Dokar 1971 ta ba su ikon zama na dindindin amma ba a ba su wata shaida a hannu ba, katunan saukarsu kuma ma'aikatar cikin gida ta lalata su a 2010. Aka ce su kawo shaidar kowace shekara da suka yi a ƙasar. Wasu suka rasa aiki, wasu gida, wasu aka hana su magani.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Paulette Wilson. Ta zo daga Jamaika a 1968 tana 'yar shekara goma, ta yi aikin kuku har a ɗakin cin abincin majalisar dokoki, ta haihu, ta yi jika. A 2017 aka tsare ta mako guda a gidan tsare baƙi, saura ƙiris a sa ta a jirgi zuwa ƙasar da rabonta da ita kusan shekara hamsin. 'Yarta ce ta tsaya tsayin daka, ta nemi taimako har aka sake ta. Labarinta a jarida ya sa wasu suka fito da nasu, asiri ya tonu. A 2018 Ministar Cikin Gida Amber Rudd ta yi murabus, gwamnati ta nemi gafara, aka gano an kori aƙalla mutum 83 bisa kuskure. Paulette ta rasu a 2020. Wani rahoton tarihi da ita ma'aikatar ta sa aka rubuta, ta ɓoye shi har sai da aka tilasta ta fitar a 2024, ya faɗi a fili cewa manyan dokokin shige da fice daga 1950 zuwa 1981 an tsara su ne, ko da wani ɓangare, don rage yawan masu baƙar fata da masu launin ruwan ƙasa.

Abin da aka shuka a zukata kuwa bai mutu ba. A watan Yuli na 2024 wani matashi ya kashe ƙananan yara mata uku a garin Southport. Nan da nan aka baza ƙarya ta intanet cewa Musulmi ne mai neman mafaka da ya shigo ta kwalekwale, alhali a birnin Cardiff aka haife shi. Aka far wa masallacin garin, aka yi yunƙurin ƙona wani otel da masu neman mafaka ke kwana a Rotherham. Don a yi adalci, washegari mutanen Southport ne, Turawa, suka fito da bulo da tsintsiya suka gyara katangar masallacin. Masu kirki suna nan a kowane zamani, kamar yadda suka taya 'yan Biristol ƙaurace wa bas a 1963.

An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu nan launinmu ɗaya, amma mun san yadda ake ɗora wa baƙo laifin yunwa. A 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, Hausawan zango da Yarabawa da yawa suka baro gidaje da shaguna, wasunsu a can aka haife su. A 1983, da kuɗin fetur ya ja baya, gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, da yawansu 'yan Gana, har jakar da suka zuba kayansu ta sami sunan da muke kiran ta da shi a kasuwa ba tare da mun tuna hawayen da ke bayansa ba.

Saboda haka 'yar'uwa, in mijinki ko ɗanki ko ƙanwarki na zaune a wata ƙasa, ki riƙa tuna musu su adana kowace takarda, ta makaranta, ta haya, ta haihuwar yara, don mutanen Windrush ma sun ɗauka shekara hamsin ta isa shaida. In kuma aka kawo miki labari a waya cewa wasu baƙi ko wata ƙabila sun yi kaza, ki dakata kafin ki tura wa wata. Yaron da ya ɗauki dutse a Notting Hill a 1958 a gida ya fara jin cewa mutanen nan ba irinsa ba ne, kuma abin da 'ya'yanki za su ɗauki almajirin da ya zo daga nesa ko maƙwabciyar da ba ta jin Hausa, daga bakinki za su fara jin sa.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, ki huta lafiya.